Kanton, Garin da Aka Zana da Rula

 

Makonni uku da suka wuce 'yata ta kira ni daga Amurka. Bayan mun gaisa, ta tambayi jikin mahaifiyarta, sai ta ce, "Baba, wai me ka yanke ne game da gidan Kanton? Mai hayar nan zai tashi ƙarshen wata mai zuwa, in dai sayarwa za a yi to yanzu ne lokacinsa, kafin sanyi ya shigo." Na ce mata ta ba ni 'yan kwanaki. Tun daga ranar nake ta juya maganar a raina ban kai ga matsaya ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani game da wurin, tunda da yawa daga cikinku kun sha tambayata yadda zaman can yake, ni kuma kullum abin da nake cewa shi ne "sai godiya", wanda ba ya ƙosar da kowa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Sabo ta Ibadan aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano, ba da jimawa ba bayan an yanka wa Hausawa unguwar a 1916. Mahaifina a nan aka haife shi, a nan kuma aka rufe shi, Allah Ya jiƙansa. Na ci ƙuri'ar bizar Amurka a 2003, lokacin ana damawa da 'yan Nijeriya a cikinta, na sauka jihar Mishigan a 2004 da maiɗakina da yara biyu, na sami aiki a wani kamfani mai ƙera kayayyakin mota. Shekara ɗaya muka yi a gidan haya, a 2005 muka karɓi bashin banki muka sayi gida a Kanton. Shekara 10 na yi a gidan kafin rashin lafiyar Hajiya ta dawo da ni gida a 2015.

Ranar da na bugo waya na shaida wa Hajiya cewa mun tare a Kanton, sai ta ce, "Kai kuma ka bar aikin injiniya ka koma tsaron kanti?" An daɗe ana yi mini dariya da wannan a gidanmu.

Kanton dai ba birni ba ne a wajen doka, ko da yake ƙidayar 2020 ta sami mutum 98,659 a cikinsa. Abin da suke kira tawunship ne. Mu a nan mun san kalmar, domin Turawan mulki sun yi mana dokar tawunship a 1917, kuma a bakinsu tana nufin wurin da aka ware wa Turawa da baƙi, wanda kantoma ke riƙe da shi maimakon sarkin gari, kamar yadda Sabon Garin Kano ya yi shekaru a haka. To a tsakiyar Amurka ma'anar daban ce. Awo ne na ƙasa kafin ya zama komai. A 1785 majalisar Amurka ta yi doka cewa duk filayen da ke yamma da tsofaffin jihohi za a auna su a yanka su murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya mil 6 tsawo mil 6 faɗi, sannan a sake yanka shi gida 36, kowane gida eka 640. Gida na 16 an ware shi domin kuɗin makaranta. Ma'auna suka shiga daji da sarƙa mai tsawon ƙafa 66 suna ja suna kafa turaku, ba ruwansu da rafi ko fadama ko mutanen da suka tarar. A Mishigan an fara wannan awo a 1815. Daga 1820 kuma gwamnati ta riƙa sayar da eka ɗaya dala 1 da santi 25, wato da dala 100 mutum ya mallaki eka 80. Kanton ɗaya ne daga cikin waɗannan murabba'ai, a yammacin lardin Wayne, tsakanin birnin Detroit da garin jami'a na Ann Arbor, kusan rabin awa a mota zuwa kowannensu in hanya ba cunkoso.

Shi ya sa in jirgi zai sauka da kai a filin jirgin Detroit ka leƙa ta taga, sai ka ga ƙasa kamar allon dara. Ni da na tashi a Ibadan, inda lungu ke haifar lungu, kuma ake yi maka kwatance da bishiya da gidan wane, na yi wata guda ina jin kamar wasa ake yi mini. Manyan titunan da suka miƙe daga gabas zuwa yamma su ne Joy a iyakar arewa, sai Warren, sai Ford, sai Cherry Hill, sai Palmer, kowane tsakaninsa da ɗan uwansa mil guda. Waɗanda suka ratsa su daga arewa zuwa kudu, irin su Haggerty da Lilley da Sheldon da Canton Center da Beck, su ma a miƙe aka jera su. Ko kana so ka ɓata ba za ka iya ba. Ƙasar kuma shimfiɗe take kamar faifai, domin gindin wani tsohon tafki ce da ya janye bayan narkewar ƙanƙarar zamanin da. Laka ce mai riƙe ruwa. Ƙaramin reshen kogin Rouge ya ratsa ta kudancin gundumar, kuma duk mai gida a can ya san cewa akwai wani ɗan injin zuƙe ruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda in ya mutu a daren ruwan sama, to washegari sai kwasar kaya. Sau biyu abin ya same ni, na biyun har da takardun makarantata na Ibadan.

Amma akwai tituna biyu da suka ƙi bin rula, kuma sai da na yi shekaru kafin in san dalili. Na farko Michigan Avenue, wanda ya karkace ya yanka kudancin gundumar. Na biyu Ridge Road a yamma, wanda ya bi wani ɗan tudu da shi ne gaɓar tsohon tafkin nan. Dukansu sun girmi ma'auna. Michigan Avenue tsohuwar hanyar ƙafa ce ta 'yan asalin ƙasar, wadda ake kira hanyar Sauk, daga baya aka mai da ita hanyar keken doki daga Detroit zuwa Chikago. A bakinta ne wani mai suna Timothy Sheldon da matarsa Rachel suka kafa masauƙin matafiya a 1825, shekarar da aka buɗe mashigin ruwa na Erie wanda ya sauƙaƙa wa mutanen jihar New York kwararowa yamma. Su kuwa masu hanyar na asali, wato Potawatomi da Ottawa da Chippewa da Wyandot, tun 1807 aka sa shugabanninsu suka sa hannu a yarjejeniyar Detroit suka sallama duk wannan yanki. Akwai wani rafi da ke bi ta arewa maso gabashin Kanton mai suna Tonquish. Sunan wani shugaban Potawatomi ne da Turawa 'yan share wuri zauna suka kashe a 1819 a nan kusa. Daga shekarun 1830 zuwa 1840 aka tattara da yawa daga cikin jama'arsa aka kora su yammacin kogin Misisipi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin duk yabon da zan yi nan gaba a kan wannan kangon aka gina shi.

Sunan kansa ma na aro ne. An kafa gundumar ranar 7 ga Maris 1834, shekara 3 kafin Mishigan ta zama jiha, kuma saboda hukumar gidan waya ba ta son a maimaita sunan da wani gari ya riga ya ɗauka, sai aka ɗauko sunan birnin Kanton na ƙasar Sin, wanda a yau ake kira Guangzhou. Maƙwabta biyu ma sun sami irin wannan, Nankin da Pekin. Pekin ta koma Redford, yawancin Nankin ya zama birnin Westland a 1966, wanda shi kuma sunan wata babbar kasuwar zamani ya ɗauka. Kanton kaɗai ya rage da sunansa na Sin, kuma abin dariya, sai bayan shekara ɗari da ɗoriya mutanen Sin na gaske suka zo suka zauna a ciki.

Yawancin abin da na sani game da zamanin noma a bakin maƙwabcina na ji shi. Dattijo ne Bature, gidansa tsohon gini ne na katako a bakin babban titi, bayansa kuma rukunin gidajenmu 100 da wani abu, duk kamanni ɗaya. Yarana Kaka Mai Masara suke kiransa, domin kowace shekara a watan Agusta sai ya aiko mana da ɗanyar masara daga ɗan lambun da ya rage masa. Wata rana ina yankan ciyawa ya jingina da shinge ya ce mini, "Ka san inda kake ajiye motarka? Nan rumbunmu yake. Ɗakin kwananka kuma garken shanu ne." Ashe duk unguwar gonar gidansu ce. Kakan kakansa daga New York ya zo. Shi kansa a makarantar ƙauye mai aji ɗaya ya yi karatu, irin wadda aka gina a 1884 a kan Canton Center wadda yanzu ita ce gidan tarihin gundumar. Ya ce a ƙuruciyarsa tun kafin asuba suke loda masara a mota su kai kasuwar Eastern Market da ke Detroit, kuma a lokacin ana yi wa Kanton kirari da hedikwatar masara mai zaƙi ta jihar Mishigan. A ƙauyen Cherry Hill da ke yamma, Henry Ford ya taɓa buɗe wata 'yar masana'anta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu domin tsofaffin sojoji da suka sami rauni. Ban da wannan, gona ce da shanun tatsa da coci.

Sai abu ya juya cikin shekara 10. A 1970 mutanen Kanton 11,026 ne. A 1980 sun zama 48,616. An jawo bututun ruwa da na bahaya daga tsarin Detroit, an buɗe babbar hanyar I-275 a 1977, masu gine-gine suka riƙa bin manoma gida-gida da cak. Dattijon ya ce ya yi shekara 3 yana ƙi, amma da harajin fili ya riƙa tashi saboda gidajen da suka kewaye shi, sai ya sa hannu. Su waye suka cika gidajen? A nan ne labarin ba ya da daɗin ji. Detroit tana da mutum sama da miliyan 1.8 a 1950, a 2020 kuma 639,111. Fararen fata sun fara ficewa tun kafin tarzomar 1967, bayanta kuma abin ya zama gudu. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Milliken da Bradley, ta yanke cewa ba za a tilasta wa makarantun bayan gari shiga shirin cakuɗa ɗalibai baƙaƙe da farare na Detroit ba. Ma'anarsa, duk wanda ya tsallake iyakar birni ya tsira da 'ya'yansa da harajinsa. Kanton na cikin wuraren da suka ci wannan gajiya. Ni baƙar fata ne da na shigo daga Afirka shekara 30 bayan haka na sayi gida ba tare da kowa ya hana ni ba, amma abokan aikina baƙaƙen Amurka da suka tashi a Detroit sun sha tuna mini cewa iyayensu ba su sami wannan damar ba, kuma gaskiyarsu ce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutum 7 ne ke riƙe da gundumar: shugaba, magatakarda, ma'aji, da amintattu 4, duk zaɓensu ake yi bayan shekara 4. Tun 1961 Kanton ya karɓi matsayin gunduma mai kundin kanta, wanda ya ƙara mata iko ya kuma rage yiwuwar biranen maƙwabta su yanki ƙasarta. Tana da 'yan sandanta da 'yan kwana-kwananta. Amma manyan titunan ba nata ba ne, na lardi ne, Ford Road kuma na jiha. Wannan ban san shi ba sai a 2007, lokacin da wani abu ya dame ni. Tsakanin unguwarmu da hanyar da yara ke bi da keke zuwa laburare akwai wani wuri da daɓen masu tafiya a ƙasa ya katse, dole yaro ya sauka kan kwalta inda motoci ke gudu. Na yi ƙorafi ga dattijon, sai ya ce, "Ni kake faɗa wa? Ranar Talata da yamma suna zama, je ka faɗa musu." Na ce ai ni ba ɗan ƙasa ba ne, katin zama kawai gare ni. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Kana biyan harajin gida ko ba ka biya?"

Na je. Na sa babbar riga, daga baya na ji kunya na cire na sa kwat, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Da aka zo lokacin jin ta bakin jama'a na tashi gabana na faɗuwa, na tsaya gaban makirufo. Abin da aka tambaye ni biyu ne kawai, sunana da adireshina. Babu wanda ya ce daga ina kake, ko wane ne ubanka, ko yaushe ka zo. Na faɗi lambar gidana da sunan layinmu, magatakarda ya rubuta, aka ba ni minti 3. Aka yi mini bayanin wanda ke da titin da wanda ke da gefensa, aka ce a bar lambar waya. Ba a yi aikin nan take ba, sai da ya ɗauki kusan shekara 2, kuma ba zan ce maganata ce kaɗai ta sa aka yi ba. Amma na fito daga zauren nan na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Ina da shekara 40 a duniya, kuma ranar ce karon farko da na yi magana gaban hukuma ba tare da na fara da bayanin asalina ba.

Shekarar da ta biyo baya, 2008, aka zaɓi wani likita Musulmi haifaffen Indiya, Dakta Syed Taj, cikin amintattun gundumar. Ni kuma na karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 2010, na kaɗa ƙuri'ata a 2012. Sharaɗin da jihar ta sa game da zama shi ne mutum ya yi kwana 30 a gundumar kafin ranar zaɓe. Kwana 30! Ƙuri'ata da ta dattijon da danginsa suka yi sama da shekara 150 a wurin nauyinsu ɗaya. 'Yata ta shiga jami'ar jiha da kuɗin makarantar 'yan jiha, ba wanda ya nemi takardar garin kakanta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ba ƙofa. Akwai ƙofa, kuɗi ne mai gadinta. Yawancin Kanton yana ƙarƙashin makarantun Plymouth-Canton ne, amma wasu sassa na kudu da gabas suna ƙarƙashin wasu hukumomin makarantu na daban, kuma dillalin da ya nuna mana gidaje bai ɓoye mana ba cewa gida iri ɗaya farashinsa na canzawa gwargwadon ɓangaren layin da ya faɗa. Wanda ba ya da kuɗin sayen adireshi, to ba ya da asali ke nan. Motar haya ta jama'a kuwa a shekarun da na yi ba mu san ta ba, in ba ka da mota ko burodi ba za ka iya sayowa ba. Sannan akwai ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ta taɓa aiko mini da wasiƙa cewa ciyawar ƙofar gidana ta yi tsawo, alhali mai rubuta wasiƙar gida uku ne tsakaninmu, kuma kullum muna ɗaga wa juna hannu.

Zaman jama'a akwai shi, amma da alƙawari da agogo ake yinsa. Makarantun sakandare 3, Salem da Canton da Plymouth, a fili ɗaya suke da ɗalibai kimanin 6,000, kuma ƙuri'a ake jefawa a raba yara a tsakaninsu, har yaro ya ɗauki darasi a ginin wata makarantar ya dawo tasa. A nan yarana suka yi abokai 'yan Gujarat da Panjab da Labanan da Koriya. Ƙidayar 2010 ta nuna kimanin kashi 14 cikin 100 na mazauna 'yan asalin Asiya ne, kashi 10 baƙaƙe. A kan Palmer akwai masallacin al'ummar Musulmin yammacin Detroit da makarantar Islamiyya a gefensa, a kan Cherry Hill akwai wurin bautar Hindu, 'yan Sikh ma da nasu. Da azumi mukan sha ruwa a masallaci da shinkafar Pakistan mai yaji, nama kuma sai mu miƙe Ford Road har Dearborn mu sayo wajen Larabawa. A watan Yuni ana bikin Liberty Fest a filin shaƙatawa na Heritage, da wasan wuta da daddare. A watan Yunin 2006 da kantin IKEA ya buɗe a mahaɗar Ford da Haggerty, na farko a jihar, mutane har kwana suka yi a layi, kuma daga nan cunkoson Ford Road ya zama abin hira kamar yadda muke hirar wutar lantarki. Abin da babu shi ne dandali. Babu wata inuwa da za ka je ka tarar da mutane zaune ba don komai ba. Mutum ya dawo daga aiki, ya danna maɓalli ƙofar gareji ta ɗaga, mota ta shige, ƙofa ta sauka. Shi ke nan sai gobe.

A 2009, da kamfanonin General Motors da Chrysler suka durƙushe, kuma rashin aikin yi a Mishigan ya fi na kowace jiha, na ga ɗaya fuskar wannan tsari. A layinmu kaɗai gida 4 banki ya karɓe. Mutanen da muka yi shekaru muna gaisawa, sai ka wayi gari ka ga babbar mota ta kwashe kaya, ba sallama, ba a san inda suka nufa ba. Ni ma an rage mini kwanakin aiki na wata 7, kuma Allah ne kawai Ya rufa asiri. Adireshin da ya ba ka komai cikin kwana 30, in ka kasa biya wata uku ko huɗu ya fara zamewa daga hannunka.

Lokacin sanyin 2013 zuwa 2014 shi ne mafi yawan dusar ƙanƙara da aka taɓa rubutawa a yankin Detroit, inci 94.9, kusan ƙafa 8 ke nan. Shekaru da dama dattijon ne ke share mini gaban gida da injinsa in na yi sammakon aiki, da ƙarfinsa ya ragu sai muka yi musaya, ɗana ya riƙa share masa. A watan Fabrairu muka lura kwana da kwanaki ba a kunna fitilar kicin ɗinsa ba. Na ƙwanƙwasa shiru. Na ce wataƙila 'yarsa ta ɗauke shi zuwa wajenta saboda sanyi, kamar yadda ta taɓa yi. Muka ci gaba da share masa dusar. Sai a watan Maris na ga mota a ƙofar gidan, na je na tarar da 'yar tana haɗa kaya a kwali. Na tambayi jikin Baba. Ta ce ai ya rasu mako 5 da suka wuce a asibiti, an yi jana'iza, an sa a jarida. Na ce, "Me ya sa ba ku faɗa mana ba?" Ta ce, da iyakar gaskiyarta kuma cikin ladabi, "Ba mu so mu dame ku ba ne." Ta yi mana godiyar share dusa, har ta so ta biya ɗana.

Na koma gida na faɗa wa maiɗakina, ta zauna ta yi kuka, ta ce, "Alhaji, yanzu mako biyar muna share ƙofar mamaci?" A Sabo kafin a gama yi wa mutum wanka labari ya kai Mokola da Ojoo da kara, kuma wanda kuka yi shekara ba ku magana shi zai riga kowa ɗaukar makara.

Bayan na dawo gida, a 2016, ɗan ƙanena ya nemi wani gurbi da ake buƙatar takardar shaidar asali. Na raka shi wani ofishi a nan, ma'aikacin ya karɓe mu da fara'a, muka yi hira da Yarbanci wanda yaron ya fi iya shi a kan Hausa, sannan ya ce mana mu yi haƙuri mu je garinmu. Muka hau mota har ƙasar Kano, ƙauyen da kakana ya baro shekara kusan 100. A can ma aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu fura, sannan aka ce a kawo mai unguwar da ya san mahaifin yaron. Babu wanda ya san shi. Sai da aka nemo wani tsoho da ya tuna sunan kakanmu da laƙabinsa kafin aka sa hannu. A hanyar dawowa, wajen Mokwa, yaron ya ce, "Baba, to mu 'yan ina ne?" Na ce masa ya bari mu isa gida tukuna. Ƙuri'a kam muna kaɗawa a Ibadan, ba wanda ya hana mu, kuma zaman lafiyar da muke yi da masu masaukinmu abin godiya ne. Amma ina zaune a motar nan ina tuna magatakardan da ya rubuta lambar gidana bai ɗago kai ba.

Na sake zuwa Kanton a 2023, na yi mako 3 wajen 'yata. Yammacin gundumar da na bari da sauran gonaki ya cika da gidaje, an yi gyaran tituna da dama da ƙarin harajin da mazauna suka amince wa kansu da ƙuri'a a 2018. A layinmu mutum biyu kawai na gane. Bishiyar da na dasa a bayan gida shekarar da muka tare ta fi rufin tsawo.

Jiya bayan la'asar na kira ta. Na ce ta faɗa wa dillali ya nemo wani mai hayar na shekara ɗaya, kuma ta sa a duba injin ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin a ba shi makulli. Ta ce, "Baba, haka ka ce bara." Na ce na sani. Sannan na tambaye ta ko tsohon gidan katakon nan na bakin titi yana nan. Ta ce an rushe shi tun bazara, an yanka filin gida huɗu, har an fara zuba harsashi.